Ana Cewa Yaƙin Duniya na Uku Ya Fara: Ina Gaskiyar Take, Kuma ta Wace Hanya Yake Isowa Maraɗi?

Duk sa'ad da manyan ƙasashe suka fara ɓarin wuta, kafin gari ya waye saƙonnin murya sun cika WhatsApp cewa yaƙin duniya na uku ya ɓarke. An yi haka a watan Fabrairun 2022 da Rasha ta afka wa Yukren. An sake yi a watan Yunin 2025, lokacin da Isra'ila da Iran suka shafe kwana 12 suna jifar juna da makamai masu linzami, har Amurka ta kai hari kan cibiyoyin nukiliyar Iran. A fadojin shayi na Maraɗi gardamar takan rabu biyu. Wasu su ce ai an riga an fara, sanarwa ce kawai ba a yi ba. Wasu su ce rigimar Turawa da Larabawa ce, ba ruwan mai noman hatsi a Dakoro. Kowane ɓangare na da ɗan abin riƙewa, amma duk biyun sun bar wani abu a baya.

Wane yaƙi ne ake kira na duniya

Sau biyu kaɗai masana tarihi suka amince da wannan suna: daga 1914 zuwa 1918, sai daga 1939 zuwa 1945, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Abin da ya bambanta su da sauran yaƙe-yaƙe shi ne manyan ƙasashe sun gwabza gaba da gaba da sojojinsu na kansu, a nahiyoyi da dama lokaci guda, kuma kowace ta juya masana'antunta da gonakinta da ƙasashen da take yi wa mulkin mallaka zuwa hidimar yaƙin. Na farko ya ci rayuka fiye da miliyan 15. Na biyu ya haura miliyan 50, kuma mafi yawan mamatan ba soja ba ne.

In aka auna da wannan ma'auni, abin da ke faruwa yau bai kai nan ba. Amurka da ƙasashen Turai sun ba Yukren makamai da kuɗi, amma rundunoninsu ba su fuskanci na Rasha a fagen daga ba. Irin wannan shi ake kira yaƙin wakilci: babba ya ba da bindiga da kuɗi da bayanan sirri, ƙarami ya ba da jini da ƙasa. Ba sabon abu ba ne. Zamanin yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, daga bayan 1945 har zuwa 1991, su biyun ba su taɓa yaƙar juna kai tsaye ba, amma miliyoyin mutane sun mutu a Koriya da Biyetnam da Angola da Afganistan. Saboda haka mai cewa ba a fara ba ya faɗi gaskiya ta fuskar suna. Kuskurensa shi ne zaton cewa in ba a fara ba, an tsira.

Yadda na farko da na biyu suka shigo ƙasar nan

Ana yawan ba da labarin yaƙe-yaƙen nan kamar a Turai kaɗai aka yi su. A yaƙin farko Faransa ta ɗebi mutane kusan 200,000 daga Afirka ta Yamma, da yawansu ba da son ransu ba, ta hannun sarakuna da masu gari da aka yanka wa adadin da za su kawo. Wutar ta kuma kama a cikin gida. A watan Disambar 1916 Kawasan, wani jagoran Abzinawa, ya kewaye sansanin Faransawa a Agadas da goyon bayan Sarki Tagama, kuma makaman da ya zo da su ta hannun ƴan ɗariƙar Sanusiyya suka fito, daga kudancin Libiya, a lokacin da Sanusiyya ke ƙawance da Turkiyya da Jamus. Sai a watan Maris na 1917 dakarun da suka taso daga Damagaram suka karya kewayen, abin da ya biyo baya kuma kisa ne da ya haɗa har da malaman garin. Makamai daga Libiya, rikici a arewacin Nijar, silar kuma gaba ce tsakanin manyan ƙasashe: wannan tsari zai sake maimaituwa bayan kusan shekara ɗari.

A yaƙi na biyu lamarin ya fi matsowa kusa da Maraɗi. Da Jamus ta ci Faransa a 1940, hukumomin mulkin mallaka na Dakar suka bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, Nijar na ƙarƙashinsu, har zuwa ƙarshen 1942. Nijeriya kuwa tana hannun Ingila. Cadi ta bi Janar de Gaulle. Ke nan iyakar da ke tsakanin Maraɗi da Katsina, wadda dangi da fatake ke ƙetarawa kullum, ta wayi gari tsakanin ɓangarori biyu masu gaba. A can Kano filin jirgin sama ya zama zango ga jiragen yaƙin Ingila masu wucewa zuwa Masar, Hausawan Nijeriya kuma aka kwashe su zuwa yaƙin Bama.

Abin da yaƙin ya bari ya fi yaƙin daɗewa. A ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta kan ƴan mazan jiya na Afirka da suka nemi a biya su haƙƙinsu. Hukuma ta ce 35 ne suka mutu, masana tarihi da dama na cewa ɗaruruwa ne, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya yarda a kira abin kisan kiyashi. Kuɗin sefa da ke aljihun kowa a Maraɗi an ƙirƙiro shi ne a Disambar 1945, cikin gyaran tattalin arziƙin bayan yaƙi. An soke aikin tilas a 1946. Faransa da Ingila sun fito daga yaƙin a galabaice, wannan rauni kuma yana cikin abin da ya share hanyar samun ƴancin kai a 1960.

Me ke haddasa su

Ruwa ba ya tsami banza, amma abin da ke kunna wuta daban, abin da ya tara itacen daban. Harbe yariman Ostiriya a Sarayebo ranar 28 ga Yunin 1914 shi ya kunna. Itacen kuwa an daɗe ana tarawa: gasar ƙera jiragen ruwan yaƙi tsakanin Jamus da Ingila, rububin mallakar ƙasashe, da yarjejeniyoyin ƙawance da suka sa in an taɓa ɗaya sai biyar su shigo. Yaƙi na biyu ya tsiro ne daga yadda aka rufe na farko. Yarjejeniyar Basai (Versailles) ta 1919 ta ɗora wa Jamus biyan diyya ta kuma ƙwace mata yankuna, ciki har da Kamaru da Togo. Karyewar tattalin arziƙin duniya daga 1929 ta jefa miliyoyi cikin zaman banza, Hitila kuma ya sami masu saurare.

Yau ma dalilan ba su canja sosai ba, sai dai kowa da yadda yake jera su. Game da Yukren, Rasha na cewa ƙungiyar tsaro ta NATO ta yi ta matsowa gabas tun bayan rushewar Sobiyet har ta iso bakin ƙofarta, kuma babu babbar ƙasar da za ta lamunci haka. Yukren da ƙawayenta na cewa ƙasa ce mai cin gashin kanta, tana da ikon zaɓen abokanta, Rasha kuma ta sa hannu a 1994 cewa za ta mutunta iyakokinta in Yukren ta miƙa makaman nukiliyar da ta gada daga Sobiyet. Ƙasashen Afirka sun rabu a kan wannan. Nijar ta kaɗa ƙuri'ar yin tir da mamayar a Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris na 2022, sannan a Agustan 2024, ƙarƙashin mulkin soja, ta yanke hulɗa da Yukren bisa zargin taimakon ƴan tawayen arewacin Mali.

Akwai kuma dalilin da ake faɗi da dalilin da ake ɓoyewa, sunan Nijar ma ya taɓa shiga irin wannan. Kafin Amurka ta mamaye Iraƙi a 2003, cikin hujjojin da aka yaɗa har da cewa shugaban Iraƙi Saddam ya nemi sayen yuraniyom daga Nijar. Hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta duba takardun ta ce na jabu ne. An yi yaƙin duk da haka, ba a kuma sami makaman ƙare dangin da aka ce yana ɓoye ba. Daga rugujewar Iraƙi ne ƙungiyar Da'ish ta taso, wadda rassanta ke yaƙi yanzu a Tillaberi da tafkin Cadi.

Makaman: babba yana hana, ƙarami yana kisa

Mutanen wannan yanki sun ga bambancin makami tun kafin 1914. A 1899 ayarin hafsoshin Faransa Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar Hausa yana ƙone garuruwa, ya yi ɓarna mai yawa a Birnin Ƙonni, ya yi karo da Sarauniya Mangu a Lugu, tafiyar kuma ta ƙare a Maijirgi kusa da Tasawa, inda sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su. Ƴan ɗaruruwan bindigogi masu saurin ɗuri ne suka rinjayi garuruwa masu ganuwa da dawaki. Shekara 15 bayan haka Turawa suka juya irin waɗannan makamai a kan junansu, suka ƙara da iska mai guba a 1915 da tankar yaƙi a 1916.

Ƙololuwar abin ita ce ranar 6 ga Agustan 1945, da bam guda ya hallaka mutane kusan 140,000 a Hiroshima kafin ƙarshen shekarar. Mafi yawan yuraniyom ɗin da Amurka ta yi aikin da shi daga Kwango aka haƙo shi. Faransa ta gwada bam ɗinta na farko a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairun 1960, daga 1971 kuma ta fara haƙar yuraniyom a Arlit. Yau ƙasashe tara ake lissafawa da wannan makami: Amurka, Rasha, Ingila, Faransa, Sin, Indiya, Pakistan, Koriya ta Arewa, da Isra'ila wadda ba ta taɓa amsawa a fili ba. Jimillar kawunan ta kai kusan 12,000, kusan kashi 90 cikin ɗari na hannun Amurka da Rasha.

A nan masana suka kasu. Wasu na ganin wannan makami ne ya hana yaƙin duniya na uku shekara 80, don duk wanda ya fara harbawa ya san shi ma ba zai kwana ba. Wasu na cewa sa'a ce kawai, suna kafa hujja da rikicin Kuba na Oktoban 1962 tsakanin Amurka da Sobiyet, lokacin da saura ƙiris a harba. Akwai ƙorafi na uku da ƙasashe masu tasowa suka daɗe suna yi: yarjejeniyar hana yaɗuwar nukiliya ta 1968 ta halatta wa biyar riƙe nasu ta haramta wa saura, alƙawarin da biyar ɗin suka yi na ragewa har a kawar kuma bai cika ba. Abin da ba a cika gardama a kai ba shi ne, tsoron nukiliya bai kashe gaba ba, ya dai sauya mata wuri. Manya na kauce wa juna, faɗan kuma yana sauka a inda babu mai irin wannan makami.

Jirgi maras matuƙi shi ne sabon shiga. Amurka ta kashe fiye da dala miliyan 100 ta gina masa sansani a Agadas, ta kuma tattara ta fice a 2024, bayan Faransa ta fita a ƙarshen 2023. Nijar ta sayi samfurin Bayraktar daga Turkiyya. Masu yaba shi na cewa yana gani daga nesa, yana rage mutuwar soja, kuma bai kai jirgin yaƙi tsada ba. Masu suka na cewa wanda ke kallon allo daga nesa ba kullum yake bambance taron biki da taron ƴan bindiga ba. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a Disambar 2023, irin wannan kuskure ya kashe mutane fiye da 80 a wajen Mauludi. Harin sama ya taɓa jihar Maraɗi ita ma: a Fabrairun 2022 gwamnan jihar na lokacin ya ba da sanarwar mutuwar yara bakwai a ƙauyen Nachade na yankin Madarunfa, a wani hari da ya ce jirgin sojan Nijeriya ne ya kai bisa kuskure yana bin ƴan bindiga. Arahar wannan makami ta sa yanzu ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel su ma suna sayen ƙananan jiragen kasuwa su ɗaura musu nakiya.

Sai dai in ana maganar makamin da ya fi taɓa rayuwar mutumin ƙauye, bindigar Kalashnikov ce. Tun ƙarshen shekarun 1940 ake ƙera ta, an yi ta miliyoyi barkatai a ƙasashe da dama, zamanin cacar baka kuma an raba ta kamar goro ga duk wanda ya ce yana ɓangaren mai bayarwa. Ba ta da wuyar koyo, ƙura ba ta hana ta aiki, kuma takan fi wanda ya fara riƙe ta tsawon rai.

Daga Libiya zuwa dajin Baban Rafi

A Maris na 2011 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba da izinin kare fararen hula a Libiya, NATO ta shiga da jiragen sama, a Oktoba aka kashe Gaddafi. Masu goyon baya na cewa an hana kisan kiyashi a Bengazi. Masu adawa, ciki har da shugabannin Sahel na lokacin, na cewa an wuce gona da iri, an rushe ƙasa ba a tanadi mai riƙe ta ba. Rumbunan makamai suka zauna ba mai gadi. A 2012 arewacin Mali ya faɗi. Wani kaso na makaman ya bi hanyoyin Sahara ya gangaro kudu.

Ba daidai ba ne a ce Libiya ce kaɗai ta haifi ƴan bindigar Zamfara da Katsina da Sakkwato. Rikicin manoma da makiyaya, satar shanu, haƙar zinariya, rashin hukunci, da makaman da ake ƙwacewa ko sayewa daga ma'ajiyar gwamnatoci duk suna ciki. Abin da yawan bindiga ya yi shi ne ya mayar da rigimar da a da ake yi da sanda da adda ta zama wadda ke tashin gari guda cikin dare. Daga 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira suka ƙetaro zuwa yankunan Gidan Runji da Madarunfa, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, nesa da bakin iyaka. Garuruwan da suka karɓe su suka raba rijiya da gona da ajin makaranta da su. Daga baya satar mutane don kuɗin fansa ta ƙetaro ita ma. Iyalin da suka sayar da shanu da gona suka fanshi mutum guda, ko an sako shi sun koma baya da shekaru.

Farashi, iyaka da wutar lantarki

Hanya ta biyu ita ce kasuwa. Kafin 2022 Rasha da Yukren ne ke fitar da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na alkamar da ake sayarwa tsakanin ƙasashe, Rasha kuma na sahun gaba a fitar da takin zamani. Ta fuskar alkama Maraɗi na da ɗan sauƙi, tunda tuwon hatsi da fura ne cimar yawancin gidaje, ko da yake mai shayi da burodi da mai sayar da taliya sun ji a jikinsu. Taki ne ya fi ciwo. Ana yin yuriya da iskar gas, in gas ya yi tsada a Turai buhu ya tashi ko'ina, har wanda aka yi a Nijeriya, don shi ma farashin kasuwar duniya yake bi. Manomin rani a Jiratawa da ya saba sayen buhu sai ya koma awo da tiya, ya barbaɗa kaɗan a gindin shuka. Ba ranar ake ganin sakamakon ba, sai lokacin girbi, sannan a farashin kayan miya. Yarjejeniyar da Turkiyya da Majalisar Ɗinkin Duniya suka ƙulla a Yulin 2022 don fitar da hatsi ta tekun Bahar Aswad ta sassauta farashi, amma shekara guda ta yi Rasha ta janye.

Takunkumi ma makami ne, kuma mutanen Maraɗi ba sa buƙatar a fassara musu shi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta rufe iyakoki ta dakatar da hada-hadar kuɗi, Nijeriya kuma ta yanke wutar da a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da Nijar ke amfani da shi. Garin da arziƙinsa ya dogara ga hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya da kayan da ke tasowa daga tashar ruwan Kwatano ya ga manyan motoci jere ba motsi, magani da shinkafa suka yi tsada. Masu kare takunkumi na cewa ya fi aika soja sauƙi, kuma dole a nuna wa masu juyin mulki akwai farashi. Masu suka na cewa talaka ne ya biya, waɗanda aka nufa kuma suka ƙara samun goyon baya. An ɗage shi a Fabrairun 2024 ba tare da ya mayar da gwamnatin da aka kifar ba, Nijar da Mali da Burkina Faso kuma suka kammala ficewa daga ƙungiyar a Janairun 2025.

Wa zai tsawatar, kuma me ke gaba

An kafa Majalisar Ɗinkin Duniya a 1945 don kada a sake. Amma waɗanda suka ci yaƙin sun ba kansu kujerar na-ƙi: Amurka, Rasha, Sin, Ingila da Faransa. Rasha na hawa kujerar a kan Yukren, Amurka na hawa a kan Gaza, Afirka mai ƙasashe 54 kuma ba ta da ko ɗaya. Yarjejeniyoyin rage makamai da aka ƙulla a ƙarshen cacar baka sun yi ta warwarewa ɗaya bayan ɗaya. Cibiyar SIPRI ta Suwidin ta ƙiyasta kuɗin da duniya ta kashe kan soja a 2024 da dala tiriliyan 2.7, mafi yawa da ta taɓa lissafawa har zuwa wannan shekarar, a daidai lokacin da manyan masu ba da agaji ke rage abin da suke bayarwa. Mutanen da rikici ya raba da gidajensu sun haura miliyan 120 a duniya a 2024, fiye da miliyan 10 daga yaƙin Sudan kaɗai, ƙasar da Hausawa da yawa suka zauna a cikinta tun zamanin tafiya Makka a ƙasa. Duk sansanin da aka buɗe a can yana rage rabon buhun da zai iso Garin Kaka.

A cikin gida, sauya abokan tsaro daga Faransa da Amurka zuwa Rasha da Turkiyya na da masu yabo da masu shakka. Na farko na cewa shekara goma na zaman sojojin Yamma ba su kawo tsaro ba, ƙasa kuma ta karɓi ragamarta. Na biyu na tsoron kada Sahel ta zama sabon filin yaƙin wakilci, inda kowace babbar ƙasa ke da nata ɓangaren. Ko wanne ya fi gaskiya, lissafin kasafin kuɗi ɗaya ne: jikar da ta tafi sayen harsashi da man motar sintiri ba za ta je likita ko makaranta ba, ƙasar da ake kai wa hari kuma ba ta da zaɓin ƙin sayen.

Ko an sa hannu kan sulhu, makami ba ya komawa inda ya fito. Manoman arewacin Faransa da Beljiyam har yau suna tono harsasan igwa na 1914 a gonakinsu, a Reggane ana ci gaba da ƙorafin gurɓatar ƙasa, a Diffa da Tillaberi kuma nakiyoyin da aka binne a hanya suna tashi da motocin kasuwa. A yankin iyakar Maraɗi, tattara bindigogin da suka shiga hannun jama'a zai buƙaci Yamai da Abuja su yi aiki tare a daji guda da hanyoyi guda, alhali tun 2023 dangantakarsu ke tangal-tangal.